Masu Pompe Za Su Zo Su Auna

Torino, 9 ga Satumba

Tanti Frosina,

Ina sumbatar hannunki. Ina fata kina lafiya, ke da kajinki da akuyar nan mai taurin kai. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na ɗaga tsoho Ettore daga gado zuwa kujera. Shekara uku ina jinyarsa, kullum ƙara nauyi yake, har na fara zargin da gangan ne. Na rubuto ne don na san in na buga waya za ki yi ta cewa "wa ke magana?" har mu gaji mu duka. Fane direba zai kawo miki takardar a cikin kwali, tare da man zaitun da kofi da safa mai kauri.

Na yi magana da Likita Predescu. Kada ki ga laifinsa, ni na matsa masa. Ya ce huhunki ya gaji, ba za ki ƙara wani hunturu a gaban murhun nan ba.

Hayaƙin itacen ne ke cinye ki, ga ɗaukar itacen da ya kayar da ke sau biyu bara. Ya ce zai dawo ranar ashirin ga Nuwamba, in ya tarar kina hura wuta zai rubuta a kai ki gidan tsofaffi na birni. Na san gara a yanke miki hannu da ki bar gidan nan. Shi ya sa na nemo mafita. Akwai wani inji da ake kira pompa, yana aiki da lantarki, yana zuƙo ɗumi daga iskar waje ya tura cikin ɗakuna ta bututu. Ba wuta, ba hayaƙi. Kin riƙe ni shekara shida lokacin da uwata ta tafi Sifen, alhali ni jikar ƙanin mijinki ce kawai, ki bar ni in yi miki wannan.

Na riga na gama magana da masu pompe na Craiova. Za su zo su auna, ke dai ki sa hannu a takardarsu. Na zaɓar miki fari, mai kyau. Za su ɗan haƙa rami a lambu, gindin tuffa, a nan za a ajiye. Daga nan kin huta, ba sanyi, ba tari, ba ɗaukar itace har abada. Don Allah kada ki kore su yadda kika kori mai allurar rigakafi.

Taki,
Otilia

Mierlesti, 24 ga Satumba

Otilia 'yata,

Na karɓi kwali. Kaji lafiya, akuya lafiya, ni ma da lafiyata ƙalau har na karanta takardarki. Kofi ya iso, safa ta iso. Man zaitun kuwa rabi ya iso a kwalba, rabi a jikin wasiƙa, don Fane ya ɗora wa kwalin injin wankin wasu. Tsakiyar takardar ta koma kamar wadda aka naɗe soyayyen kifi, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Amma farko da ƙarshe sun fito, kuma sun ishe ni, ni ba yarinya ba ce.

Likita ya ce ba zan ƙara wani hunturu ba. To. Shekara tamanin da uku, ba a zalunce ni ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ke ya gaya wa a Italiya, ni da nake zaune a gabansa sai ya ce in rage gishiri. Ke kuma ko hawaye ba ki ce kin yi ba, kin zarce wajen masu pompe. Ai na san su, su suka ɗauki kakanki Ilarie a baƙar motarsu ranar jana'iza, suka kusa rufe shi ba hularsa.

Yanzu bari in zo kan zaɓinki. Fari, Otilia? Farin akwatin gawa na 'yan matan da suka mutu ba aure ne. Shekara hamsin da ɗaya ina wanke wa Ilarie riguna, so kike gari ya ce me? Gindin tuffa kuwa, nan muka binne kare. Ina da wurina a maƙabarta kusa da mijina, sunana na jikin gicciyen tun tuni, shekara kawai ta rage a cika. Akwati ma ina da shi can sama ƙarƙashin rufi, Ilarie ya sassaƙa mini da hannunsa. Wake ne a ciki yanzu, juyewa kawai za a yi.

Ranar Talata mutanen naki suka zo, samari biyu, dogo da gajere, a farar mota an rubuta pompe ƙato a jiki. Na ce ikon Allah, har baƙar motar ma an daina. Na sa baƙar rigata, na kwanta a gado, na miƙe sosai don kada su yi mini gajere, na harɗe hannu a ƙirji. Suka gaishe ni, suka wuce ni, suka hau auna tagogi. Suka auna ɗaki, suka auna kicin, har tsayin rufi. Na ce musu ni kaɗai ce fa, ba da kayan ɗaki zan tafi ba. Kin san kunnena, rabi nake ji, amma rabin da na ji ya isa. Dogon ya ce abin yana kai shekara goma sha biyar kafin a canja wani. Ya ce kuma kowace shekara za su zo su buɗe su duba ciki. Sai gajeren ya sunkuyo kan kunnena ya ɗaga murya: "Tanti, zafi nawa kike so a ciki?" Na ce masa wannan Allah ne zai yanke, ba shi ba. Da suka miƙo takarda in sa hannu sai na ɗauki tsintsiya.

Na yanke shawara zan yi sadakata tun ina raye, yadda uwata ta yi. Abin da mutum ya bayar a nan shi zai tarar yana jiransa a can, kuma ban yarda maƙwabciyata Tudora ta dafa mini alkamar da ake rabawa a sadakar mamaci a bayan idona ba, ƙonawa take yi. Fada Grigorie ya sa ranar sha biyu ga Oktoba. Ki zo in za ki iya.

Tantinki,
Frosina

Torino, 3 ga Oktoba

Tanti,

Ina sumbatar hannunki, kuma ina roƙonki ki karanta wannan a zaune. Ba mutuwa za ki yi ba. Babu wanda ya ce za ki mutu. Na karanta wasiƙarki a kicin, na yi dariya har Ettore ya buga ƙararrawa ya ji ko lafiya, daga baya na zauna na yi kuka.

Ba masu pompe na jana'iza ba ne, Tanti. Pompa irin ta famfo nake nufi, inji ne na ɗumama gida. Kamar firji yake, amma a juye: firji yana fitar da zafi daga ciki, shi kuwa yana shigo da shi. Farin da na zaɓa injin ne. Shi za a ajiye gindin tuffa, ba ke ba. Zafin da yaron ya tambaya na ɗaki ne. Duk na rubuta wannan a tsakiyar takardar da mai ya ci. Dogon ya kira ni, ya ce a aikinsu sun sha ganin tsofaffi masu rigima, amma ba su taɓa ganin wadda ta karɓe su a kwance da baƙar riga ba, sun ɗauka al'adar ƙauyen ce. Ya ce tsintsiyar ba komai, za su dawo in kin aika.

Likita ya ce in kin bar hayaƙi za ki iya kai ɗari. In kuwa ya zo ranar ashirin ga Nuwamba ya tarar da wuta a murhu, gidan tsofaffi zai tura ki. Wannan ne kawai maganar.

Ki gaya wa Fada a fasa sadakar. Kada ki ba kowa komai, musamman itace, za ki buƙace shi kafin a gama haɗa injin. Wannan karon na naɗe takardar a leda biyu, kuma ban aiko mai ba.

Taki,
Otilia

Mierlesti, 16 ga Oktoba

Otilia,

Shiru, ba ke, ba takarda. An ce motar Fane ta lalace a Hungary, tana can da kayan mutane. Ban san ko akwai tawa a ciki ba. Lafiyata, abin kunya, ƙalau.

An yi sadaka, kuma ba yabon kai ba, Mierlesti ba ta ga irinta ba tun ta matar tsohon shugaban makaranta. Tebur uku a tsakar gida, naɗin kabeji da nama tukunya huɗu, tuwon masara, giyar 'ya'yan itacen pulam ta Ilarie da na ɓoye shekara tara. Alkamar ni na dafa, ba ta ƙone ba. Fada ya yi addu'a ya ambaci sunana, na ce amin da bakina. Ki sani, daɗi ne da zama a jana'izar kai. Mutanen da ba su taɓa faɗin alherina ba duk sun tashi sun faɗa. Tudora ta yi kuka, amma ba sosai ba, na lura tana kuka tana duban labulena.

Na ba da komai yadda ya kamata. Gado da katifa da manyan barguna na ba Tudora, don a can ina son gado mai kyau. Tebur da kujeru na ba ɗaya maƙwabciyar, Lucretia. Kaji sun tafi gidan mai kaɗa ƙararrawar coci. Akuya na ba surukar Fada, da gangan, ta san dalili. Itacen da na tara tun bazara, duk na ce Tudora ta kwashe, mai tafiya me za ta yi da itace. Ko da ya zamana a can sanyi ake yi, ina da guzuri.

To ga ni nan ina jira. Na bar wa kaina benci ɗaya kusa da murhu, da tukunya, da bargo ɗaya. Kowace safiya ina farkawa in ga har yanzu rufin ɗakina ne. Jiya na ci abinci sau uku. Mutane sun fara gaishe ni da wani irin kallo, mai shago ma ya ce, "Tanti, har yanzu?" sannan ya gyara ya ce yana nufin har yanzu ban gaji da tafiya a ƙafa ba. Ban san ko likitan nan ya iya lissafi ba.

Sanyi ya fara sauka da wuri. Na farfasa akurkin kaji ina hurawa, tunda masu shi sun tafi. Katakon yana da fenti, hayaƙinsa ba daɗi, tarin ya ɗan ƙaru. Na ce ƙila tafiyar ce ta fara.

Na sa kujera ɗaya a gefena ranar sadaka, ba wanda ya zauna a kai.

Frosina

Mierlesti, 29 ga Oktoba

Otilia,

Fane ya iso jiya, ya ba ni takardarki a leda biyu, tsaf da ita, ba ɗigon mai. Da ita ce ta jiƙe da ya fi mini.

Na karanta sau uku. Wato duk duniya ba a samu wani suna da za a ba injin nan ba sai na masu ɗaukar gawa. Ke kuma da iliminki ba ki iya rubuta "inji" a ƙarshen takarda ba, sai a tsakiya inda mai ke zuba. Yanzu da wane ido zan kalli gari? Sun ci kabejina, sun yabe ni, Fada ya ambaci sunana cikin na masu tafiya. Kada ki ce in je in karɓo kayana. Sadaka ba ta dawowa, kin sani. Gadon nan ya riga ya isa can, Ilarie ma ƙila ya kwanta a kai. In na karɓo daga hannun Tudora, daga ƙarƙashinsa na janye.

Injin kuwa ban yarda da shi ba. Yau da safe ruwan bokiti ya daskare a ƙofa. Wane ɗumi ne a wannan iskar da za a zuƙo? Wanda ya sayar miki ya ga baƙuwa ne. Ba zan sa hannu ba. Akurki ya ƙare, na fara shinge, akwai na kwana goma.

Bari in gaya miki gaskiya tunda ba mutuwa zan yi ba, kunya ta riga ta ƙare. Da na ɗauka tafiya zan yi, ban ji tsoro ba, har wani farin ciki na ji, don na san dole ki zo. Shekara huɗu ban ga fuskarki ba. Yanzu na gane inji kika aiko don ya zauna da ni a madadinki. In haka ne gara gidan tsofaffin, can ko ba komai akwai wanda zai ce mini in yi shiru.

Frosina

Torino, 4 ga Nuwamba

Tanti,

Ina sumbatar hannunki. Wannan na ba wata 'yar Craiova mai hawa jirgi, ban ƙara yarda da Fane ba.

Kin faɗi gaskiya, kuma ta yi mini zafi. Kullum ina wanke wa uban wasu ƙafa, ina hura masa miya kafin ya sha, ke kuma kina can kina farfasa shinge. Ba ranar da ba na tuna wannan. Ban zo ba don in na bar Ettore ba wanda zai ɗaga shi, 'yarsa tana neman wadda za ta karɓe ni, kuma duk wadda ta zo sai ya jefe ta da cokali. Ke da shi da za ku daidaita.

Amma ki ji ni. In aka kai ki gidan tsofaffi, ranar da na zo ina zan same ki? A wani ɗaki mai gado shida, awa ɗaya, da wata ma'aikaciya tana duban agogo. Ni gidan nan nake so in zo, in same ki a ƙofa kina faɗa don na rame. Injin ba madadina ba ne, aikinsa ya riƙe mini ke har in iso.

Samarin za su zo ranar Litinin da komai a mota. Ba za su taɓa murhun Ilarie ba, na sa sun yi alkawari. Kada ki yarda da injin in ba ki so, ki sa hannu kawai, in bai yi ɗumi ba kya samu abin gorin da za ki yi mini har ƙarshen rayuwata. Ki karɓe su a tsaye.

Taki,
Otilia

Mierlesti, 3 ga Disamba

Otilia 'yata,

Ina lafiya, tari ya ragu, kada ki gaya wa likita na faɗa. Na karɓe su a tsaye. Gajeren bai shigo ba sai da ya leƙa ya ga inda tsintsiya take.

Kwana huɗu suka yi suna huda bango. Injin yana gindin tuffa yana gurnani a hankali, kuma, to, akwai ɗumi. Ban san inda yake sato shi ba, ban kuma tambaya ba. Da dusar ƙanƙara ta fara na ji tausayinsa a waje tsirara, na lulluɓe shi da bargona na ɗaure da igiya. Kafin rana ta yi tsaka gidan ya huce. Dogon ya taso tun daga Craiova, ya kwance bargon, ya tsaya yana kallon sama ya daɗe, sannan ya ce mini numfashi abin yake yi, in bar masa hancinsa. Murhu yana nan a kashe. Da safe hannuna yana tafiya neman ashana shi kaɗai, kuma ina kewar ƙarar wutar, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu ki ji abin da ya biyo baya. Tudora ta shigo ganin ko na mutu, ta ji ɗumi, ta cire mayafi, ba ta tafi ba sai yamma. Washegari sai ga 'ya'yanta ɗauke da gadon. Na ce sadaka ba ta dawowa. Ta ce wa ya ce dawowa ta yi, gadonta ne, inda ta ga dama take ajiye kayanta, kuma katifar ta yi wa bayanta laushi, in riƙa kwana a kai don kada ta lalace. Lucretia ta ji labari, ita ma ta rasa inda za ta ajiye tebur da kujeru sai kicin ɗina. Yanzu kullum mata biyar ne a nan da saƙarsu, suna shan kofinki, suna gulmar wadda ta fita. Surukar Fada ta so ta kawo akuyar ma, na ce a'a, wannan sadakar ta karɓu.

Likita ya zo ranar ashirin. Ya shafa murhu ya ji sanyi, ya saurari ƙirjina, ya dubi matan nan, ya mayar da takardarsa jaka. Ya ce ba sai an kai ni gidan tsofaffi ba, ga gidan tsofaffin nan da kansa ya zo ya same ni. Tudora ba ta ji daɗin maganar ba, ita da ta girme ni da wata biyu amma take cewa ita ƙanwata ce.

Saura magana ɗaya da ban rubuta miki ba. Ranar sadaka, bayan gado da kaji da itace, Fada ya tambaye ni gidan fa. Na ce na Otilia ne, da lambun, da tuffar. A gaban gari na faɗa, an kuma rubuta. To amma kin san ƙa'ida: sadaka ba ta cika sai mai karɓa ya tsaya a gaban mai bayarwa, ya miƙo hannu biyu, ya ce Allah ya karɓa da bakinsa. Ba a aiko wannan ta hannun Fane. Kowa ya karɓi nasa, ke kaɗai kika rage. In na tafi kafin ki zo, zan isa can in tarar da gado da tebur da akuya a fili, ba rufi a kaina.

Don haka ba inda zan je, ina nan zaune a gidanki ina jiran mai gida. Dogon ya ce injin shekara goma sha biyar yake yi. Ni ban yi wa kowa irin wannan alkawarin ba.

Tantinki,
Frosina